Wanda Ya Kori Kansa Daga Intanet Ɗinsa

Mijin jikata ne ya fara ba ni labarin nan, shi da yake yawo da tsani yana haɗa wa mutane intanet a gidaje. Ya zo duba mana namu, na kawo masa ruwa, ya zauna yana ba ni, ina dariya har sai da na ƙware. To ku ma ku sha.

Wani ne ya sayi akwatin intanet, wanda suke ce wa rauta, mai ƙaho biyu da 'yan fitilu. Gidansa layin waya ba ya kamawa sai mutum ya hau katanga. Mijin jikata ya haɗa masa, ya sa masa shafin kula da akwatin a waya. Shafin nan ko ni zan iya. Maɓallai uku ne manya-manya: na kunnawa, na canza lambar sirri, na kiran mai gyara. Can ƙasa kuma ga wani ɗan mitsitsin rubutu: Na ƙwararru.

Ya ce masa, "Yallaɓai, ukun nan sun ishe ka har tsufa. Wancan na ƙasan, kada ka taɓa."

Mutumin ya ce, "To don wa aka yi shi?"

"Don ƙwararru."

Ya ce, "Madalla." Ya gyara hula.

Ranar nan bai zauna ba. Ya fita ƙofar gida yana ba maƙwabcinsa tela labari. "Lambar sirrin nan tawa, ko aljani ba zai haddace ta ba. Saurara ka ji." Ya karanto masa. Tela ya ce, "Kai, da wuya! Sake in ji." Ya sake.

Ana nan sai surukarsa ta zo, uwar matarsa, tun daga nesa. Ɗanta da yake ƙasar waje an yi masa haihuwar fari, ya ce ranar Asabar da yamma zai kira ta bidiyo ta ga jaririn. Ranar kaɗai yake da hutu. Da Asabar ɗin ta zo, baiwar Allah tun safe ta sa kwalli, ta ɗauko mayafinta na ƙasan akwati, kamar jaririn zai ba ta maki.

Da hantsi mutumin ya leƙa waje. Ga tela ya jingina da katangarsa, ya miƙe ƙafa, yana kallon waya yana ƙyaƙyata dariya.

Ya dawo ciki yana huci. "Ana sha mana intanet!"

Matar ta ce, "To ka danna na tsakiyan nan mana, ka canza lambar."

"Wannan na 'yan koyo ne. Ni daga tushe zan kamo ɓarawon."

"Maigida, yau fa Asabar."

"Na san kwanaki."

Ya zauna a kujerarsa ta falo, wadda ba mai zama sai shi, ya danna ɗan rubutun nan. Akwatin, Allah sarki, mai ladabi ne. Ya rubuto masa: Nan na ƙwararru ne. Ka tabbata?

Ya ce, "Ni kake tambaya? A gidana?" Ya danna E.

Sai ga jerin masu shan intanet ɗin, su biyar. Ba mai suna irin na mutane, duk haruffa ne da lambobi a cakuɗe. Amma gaban kowanne an ja layi mai nuna yawan abin da ya sha. Huɗu layinsu gajeru. Ɗaya kuwa nasa ya tafi har bango.

Mutumin ya yi murmushi. Ya ƙwala wa matar kira. "A gidan nan wa ya fi kowa ci?"

Ta ce daga kicin, "Kai mana."

"Shi ke nan, na gane kaina. Mai dogon layin nan ni ne. Waɗannan ƙananan su ne ɓarayi. Ɓarawo ai tsakura yake kamar ɓera. Ashe ma ba tela kaɗai ba ne, gayya suka yi mini."

Ya danna na farko, ya ce a kore shi. Akwatin ya ce: Ka tabbata?

"Na tabbata."

Talabijin ta tsaya cak, mai karanta labarai ya daskare da baki a buɗe.

Ya danna na biyu. Ka tabbata?

"Kai, wannan akwatin da musu yake!"

Waƙar da matar take ji a kicin ta yanke.

Na uku. Ka tabbata?

"Uwata ma ba ta tambayata haka."

Daga ɗaki suruka ta ce, "'Yar nan, hoton ɗan'uwanki yana ta juyawa, lafiya?"

Ya zo kan na huɗu. Nan akwatin ya yi iya ƙoƙarinsa, har da jan rubutu: Wannan ita ce wayar da take hannunka. In ka kore ta, ba za ka iya dawowa shafin nan ba. Ka tabbata?

Mutumin ya kama haɓa. "Iye! Har sun saye ka? Kana kare ɓarawo a gabana?" Ya danna E da ƙarfi, har wayar ta kusa faɗuwa.

Shafin ya yi fari fat.

Ya girgiza wayar. Ya hura mata iska. Ya kashe ya kunna. Shiru kake ji. Sai muryar tela ta tsallako katanga: "Maƙwabci! Me ka ba abin nan naka yau? Gudu yake kamar an koro shi! Allah ya saka da alheri!"

Matar ta fito riƙe da ludayi. "Me ka yi?"

"Gyara nake."

Ya hau katanga ya kira mijin jikata. Shi kuwa yana can ƙarshen gari a saman rufin wani, ya ce sai gobe in Allah ya kai mu, kuma don girman Allah kada a ƙara taɓa komai.

Ya sauko ya ci gaba da taɓawa. Ya lanƙwaso ƙahonnin suka kalli ɗaki. Ya kife akwatin da tukunya, wai kada intanet ɗin ya riƙa tsiyaya waje. Ya toshe taga da bargo. Tela dai dariyarsa ko tsayawa ba ta yi ba.

Yamma ta yi. Suruka ta fito falo, ta zauna, ta ɗora waya a cinya, ta gyara mayafi.

"Ɗana, ina jaririn?"

"Yana hanya, Mama."

"A tukunyar yake?"

Matar ta matso kusa da kunnensa. "Wallahi in uwata ta koma ba ta ga yaron nan ba, kai da tukunyar nan ɗaki ɗaya za ku riƙa kwana."

Ya sa takalmi. Ya fita yana jan ƙafa.

"Salamu alaikum, maƙwabci. Ya ɗinki?"

"Alhamdu lillahi."

"Dama... wayarka nake so ka ara mana."

Tela ya ce, "Ai ni wayata ba ta barin hannuna. Sai dai in zo da ita."

Ya zo da ita. Aka zagaya falo ana neman inda ya fi kamawa, ashe kujerar maigida ce. Tela ya zauna, ya harɗe ƙafa. Matar ta kawo masa shayi a babban kofi, na maigida, don shi kaɗai ne a wanke. Maigida yana tsaye bakin ƙofa kamar wanda ya zo neman aiki.

Aka sa lambar ɗan a wayar tela, aka kira. Sai ga jariri, jajir, ya dunƙule hannu yana hamma. Suruka ta fashe da kuka, kwallin nan duk ya gangaro. "Hancin kakansa ne! Wallahi hancin kakansa ne!" Ta yi masa wasa, ta yi masa waƙa, ta sumbaci wayar har sai da tela ya goge ta da riga.

Ɗan ya ce, "Mama, wane ne wannan a gefenki?"

Ta ce, "Wani ɗan albarka ne, mai intanet. Allah ya ba shi masu yi masa. Mijin 'yar'uwarka kuma ga shi can yana tsaron tukunya."

Da aka gama, mutumin ya matso a hankali, ya durƙusa gefen kujerarsa.

"Maƙwabci, tunda kai kaɗai ka rage a ciki, ka shiga shafin nan ka dawo da mu."

Ya nuna masa ɗan rubutun na ƙasa, ya karanto masa lambar shiga. Tela ya shiga. Ga korarru huɗu a jere. Ya danna a dawo da su. Sai ya tsaya, ya kurɓi shayi, ya ƙura wa wayar ido.

"Danna mana! Me ya ce?"

"Tambayata yake ko na tabbata."

"To ka ce E!"

Tela ya sake kurɓa. "Maƙwabci, tun da aka kore ku bai taɓa gudu haka ba. Tsakani da Allah, ban tabbata ba."

Ni kuwa, washegarin ranar da na ji labarin nan, da sassafe na ɗauki namu akwatin na ɗora saman kabad, na kai kujerar takawa ɗakin ajiya na kulle. Ina dawowa sai ga mijina, tsohon nan nawa, ya maƙala tabarau, waya a hannu.

"Ke, ina akwatin nan? Na ga wani ɗan rubutu a ƙasan shafin, ɗan abu kaɗan zan gyara."

Na ce, "To, Malam. Bari in fara ɗora wa maƙwabci shayi."