Hannun Kaka Mai Rawa

"Lafiya lau na kwana, sai da na ga fuskarki lafiyar ta gudu," in ji tsohon, ko kai bai ɗaga ba.

Jikarsa ta dire kwalbar man keken da ya aike ta saye, ta ja kujera ta zauna. Shekara arba'in da biyar yana gyaran keken ɗinki a wannan ɗan shago. Wata uku ke nan tana ɗaukarsa a waya yana koyar da gyara, tana sakawa a intanet. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: duk inda hannunsa na dama ya yi rawa, ta yanke wurin. Rawar nan tana ƙona masa rai, don shi gara a zage shi da a tausaya masa. To, yau da safe mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya nuna masa sabon bidiyo, ga hannu yana ta karkarwa a gaban allura, ba a yanke komai ba.

"Angona, wa ya taɓa min kai da sassafe?"

"Ba ni ba ke. Aure ya mutu, kwashe kayanki."

"Wane kaya? Me ka taɓa ba ni ban da guntun zare? Sai dai in kwashi haƙoranka, su ma huɗu ne, aljihu ɗaya ya ishe su."

"Biyar ne, makauniya! Ke da aka haifa kamar ɓera, a kwalin takalmi aka kawo min ke in gani."

"Ka gan ni kuwa? An ce tabarau biyu ka ɗora, ƙarshe kwalin ka yi wa addu'a."

Dariya ta taso masa, ya haɗiye ta da ƙyar. Yau ba ranar dariya ba ce.

"Goge abin nan. Kin nuna wa duniya ina kokawa da allura minti uku. Mai aski har kwaikwayona yake yi."

"Mai askin da ya taɓa yanke maka kunne? Shi da hannunsa lafiya lau ma ke nan."

"Kada ki canza magana. Ni da teloli ke layi a ƙofata, yanzu wa zai kawo min kekensa?"

"Kaka, ka kalli bidiyon har ƙarshe?"

Bai kalla ba. Tun daga rawar farko ya mayar wa mai aski wayarsa. Amma ya san abin da ke ƙarshen, dabarar da ya ƙirƙiro wa kansa a ɓoye: ya goga wa bakin zare kyandir don ya yi tauri, ya sa farar takarda a bayan allura, ya kafa gwiwar hannu a kan tebur, sannan ya zura. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba. A wurinsa abin kunya ne.

"Zan goge," ta ce. "Amma sai ka saurari muryar kishiyata tukuna, wata ce ta aiko maka da saƙo."

Ta danna wayarta. Muryar wata dattijuwa ta fito tana ɗan sarƙewa.

"Malam mai gyara, ni tela ce. Tun da na yi ciwo hannuna ke rawa. Shekara biyu kekena yana rufe da zane, don na gaji da roƙon a zura min zare. Duk masu koyarwa hannunsu lafiya lau, ina kallo ina kuka. Jiya na ga hannu irin nawa. Na gwada sau shida, a na bakwai ya shiga. Na ɗinka wa jikata riga. Allah Ya saka da alheri."

Tsohon ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Tausayin matar ya kama shi, ga kuma wani daɗi da ya manta rabonsa da ji.

"Kuka kake, angona?"

"Man da kika sayo ne, jabu ne, yaji yake min a ido."

"Ko buɗe shi ba a yi ba."

"Ƙarfinsa ke nan." Ya mayar da tabarau. "Sau bakwai ta ce? Ai ba ta kafa gwiwar hannu daidai ba. Laifinki ne, kin tsaya nesa kamar mai tsoron kare."

"To in goge?"

"Goge hancinki! Kunna abin nan, ki matso kusa da hannun."

"Wanne daga ciki?"

Sai a nan dariyar ta ƙwace masa, haƙora biyar duk a waje. Ya jawo aljihun tebur, ya karya kyandir ɗinsa biyu, ya tura mata rabi.

"Ungo, na mayar da ke ɗakinki. Wata rana ke ma za ki nema." Ya ɗaga hannun dama yana ta rawarsa. "Wannan za ki ɗauka. Na hagun bai taɓa ɗinka wa jikar kowa riga ba."