Kwaja Ba Ya Sunkuyawa

Duk kwarin Kashmir babu mai daraja kamar Kwaja Sonaullah Ganai, wanda kuma yake shakka ya je ya tambaye shi da kansa. Allah ya hore masa miƙaƙƙen wuya da doguwar hular fatar ɗan rago. Ko gaisuwa da gira yake amsawa. Shi ya sa a shagon mai burodi ake ce masa Wuyan Ƙarfe, amma sai ya ba da baya.

Gidan da ya gada tsohon masaukin fatake ne, tun zamanin da alfadarai ke hawo da gishiri ƙauyenmu. Ginin kakanni ne: a jera bulo, a kwantar da gungumen katako ya zagaye bangon kamar ɗamara, a sake jera bulo. Girgizar ƙasa ta sha zuwa, gidan ya taya ta rawa ya koma ya tsaya. A bakin Kwaja kuwa, sarakuna zalla ne suka kwana a ciki. Ƙarafan ɗaure alfadarai da ke jikin bango, wai na rataye takubba ne.

Abu ɗaya ke ci masa rai, ƙofar. An yi ta gajera don kada ɗumi ya tsere lokacin sanyi, kowa zai shiga sai ya duƙa, kuma kullum sai ta make masa hula. Da aka ce wata jami'a mai kula da tsofaffin gine-gine za ta zo, in gidan ya yi mata a kafa masa allon tarihi, sai Kwaja ya kira kafinta.

"Yanke min gungumen nan na saman ƙofa. Gwamnati ba za ta zo ta same ni ina ruku'u a bakin gidana ba."

Yayarsa Zuna, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ɗakinta ne daidai saman ƙofar. Ta leƙo ta taga, rungume da tukunyar garwashinta ta jin ɗumi.

"Sona, ɗamarar gidan za ka tsinke? Baba ya duƙa, Kaka ya duƙa, kai wuyanka na mene ne?"

"Yaya, a gaban mutane Kwaja Sahib ake cewa."

"Ni na goya ka, majina na zuba. A kan katakon nan nake kwana, ka dai sani."

Kafinta ya dubi taga, ya dubi hula, ya ja zarto.

Kai, Kwaja ya more! Ya shiga ya fita, ya fita ya shiga, ba don ya manta komai ba, hula na tsaye ƙyam. Sai dusar ƙanƙara ta sauka ta danne rufin. Bango ya fara tsagewa, daɓen ɗakin Zuna ya karkace har kofin shayi ke tafiya shi kaɗai. Baiwar Allah ta naɗe shimfiɗarta tana hawaye ta koma maƙwabta, ta bar ɗakin da aka haife ta. Abin tausayi ne, amma Kwaja cewa ya yi babban gida yakan yi miƙa.

Ranar da jami'a ta iso, duk ƙauye ya taru a waje. Kwaja na ciki ya sha ado, zai fito da kai a sama. Ya ja ƙofa, ta ƙi. Ya sake ja, ko motsi, ashe bango ya zauna mata a ka. Hanya ɗaya ta rage, 'yar kafar gindin bango da a da ake turo kashin alfadarai waje.

Hula ce ta fara fitowa, yana tura ta da hannu. Sai wuya, sai tumbi da ƙyar, daidai gaban takalman baƙuwa. Ita kuwa idonta na kan yankakken gungume. Ta ce allo babu, kuma kada kowa ya sake kwana a gidan sai an tokare bangon. Sannan ta dubi ƙasa ta tambaya ina mai gidan.

Zuna ta gyara mayafi.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe, ƙanena ne. Ki yi haƙuri, shi ba ya sunkuyawa, sai dai rarrafe."