Ranar da Jif Ɗina Ta Ɗauki Sarkin Almakashi

Ranar Talata motata ta shiga gwamnati.

Jama'a, kun san ta: 'yar ƙaramar jif ɗin nan ta Kwatano da na saya don in riƙa isa gidana a Angwan Iya, tunda layinmu ya fi ƙarfin motar mutunci. Bature ya ƙera ta don hawan dutse, ni kuwa cefane nake zuwa da ita. Raimi bakanike na Sabon Gari ya rantse mini lafiyarta ƙalau, ban da birki mai son a roƙe shi, da bel ɗin kujera da ya zama ado, da ƙofar fasinja da ba ta buɗuwa sai daga waje. In ta sha kwana kuma takan ɗaga ƙafa kamar kare ya ga bango.

To, Mai Girma Sarkin Almakashi, babban ɗan siyasar nan mai yawon buɗe ayyuka, ya zo sake buɗe titinmu, wanda har yau ba a yi ba. Allah ya ja zamaninsa. Na karanta tarihin dauloli da yawa, ban ga katafilar da ta kai almakashinsa aiki ba. An sha ruwan sama, baƙaƙen motocinsa suka kafe tun bakin layi, ƙyallen yankawa na can ƙarshe yana jira. Maƙwabcina Manasseh ya leƙo ta katanga.

"Malam, ɗauko shi. Ka gaya masa maganar nan da kake gaya wa bango tun rasuwar matarka Azumi."

Na ɗauko shi. Ni da babban mutum kafaɗa da kafaɗa, ƙofa kuwa ba ta san girma ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na gyara murya.

Kafin in buɗe baki hularsa ta daki rufi. Ya jawo bel, bel ya biyo hannunsa gaba ɗaya. Da muka faɗa babban ramin gaban injin markaɗe, jif ta ɗaga ƙafa, Mai Girma ya kama salati da ƙarfi, bai sake tsayawa ba. Ni kuwa an yi mini tarbiyya: ba a katse mai ambaton Allah. Na danne dariyata. Na yi fatan motar ta mutu mu zauna mu tattauna, amma munafukar da kullum sai an tura ta, ranar ta ga babban mutum ta ƙi ko tari.

'Yan rakiya suka buɗe masa daga waje. Ya yanka ƙyalle, ya shaida wa 'yan jarida shi da kansa ya bi titin lafiya lau, ya kuma shawarci talakawa kowa ya nemi irin motata. Aka tafa. Har ni na tafa, hannu ba ya shawara da zuciya.

Yanzu Manasseh yana kirana da direban gwamnati. Maganar da ban samu na gaya wa Mai Girma ba kuwa ba ta da tsawo: Ranka ya daɗe, ramin nan da ka fara salati, a nan Azumi ta yi nata na ƙarshe, a cikin keke mai ƙafa uku, muna neman asibiti.