Fostar Siddiƙ a Jikin Rumbun Atu

Siddiƙ ya iso Jabo da hantsi, da doguwar takarda naɗe a hammata kamar tabarma. Fosta ce, babbar takardar nan da masu bincike kan kafe a bangon wurin taro, mutane na wucewa suna karantawa. Shekara biyu ya yi yana gwada hanyoyin adana wake kada ƙwari su ci. Sau biyu malaminsa na jami'a yana dawo masa da fostar, ya ce in ba ta gyaru zuwa gobe ba, wani za a ba gurbinsa a taron. Ya iske kakarsa Atu a gindin rumbu tana tankaɗen kuka.

"...lafiya lau, ya hanya? A'a, angona, yau lefen ne ka naɗo a takarda?"

"Wa ke kai lefe gidan da ba haƙori? Ilimi ne, tsohuwa. Wanke hannu kafin ki taɓa."

"Hannun ga shi ya wanke ka kana jinjiri. Buɗe in gani."

Ya warware ta a jikin rumbu, ya riƙe. Atu ta ja baya taku goma, ta ƙanƙance ido.

"Tururuwa ta mutu a kai, ko mi?"

"Rubutu ne. Kalma dubu da ɗari fuɗu."

"Mutanen taron, zaune suke ko tsaye?"

"Tsaye. Wucewa suke yi."

"Ashe kasuwa ce. Shekara arba'in nika kasa daddawa a kasuwar Tambuwal, ban taɓa zazzage kwando duka kan faifai ba. Kashi uku, da fili tsakani. Mai wucewa shi hango daga nesa, shi tsaya, shi tambaya. Sannan ka jawo kwando."

"Ke da ba ki san ko bihim ba, za ki koya wa mai digiri?"

"Mai digirin da anka koro sau biyu. Mi ka gano a shekara biyun?"

"Waken da na gauraya da toka, na toshe bakin tulu, ya kai wata shida ƙwari ba su huda ba sai ɗan kaɗan."

"Ina ka rubuta shi?"

Ya nuna can ƙasa, a kusurwa, da yatsan ƙafa.

"Kai! Ka tura naman ƙarƙashin tuwo awa marowaci. Sai mutum ya durƙusa kamar mai gaida suruki kafin shi gani? Wanga ƙaton na sama fa?"

"Sunana ne."

"Sunanka na hana ƙwari cin wake?"

Siddiƙ ya dubi takardar. Malaminsa ma ya ce ya rage rubutu, amma kowane layi a takardar nan yana tuna masa ranar da ya wuni yana tsintar wake ɗaya-ɗaya, yana duba rami.

"In na cire, Inna, za a ce ban yi aiki ba."

Atu ta ajiye rariya. "Wa ya taɓa ganin wahalar dafa kalwa a kan faifaina? Ƙamshi kawai ake ji, a tsaya. Wanda ya tsaya, ka ba shi labarin wahalar da bakinka. Ai gefenta za ka tsaya, ko kai ma kafe ka za a yi?"

Ta shiga ɗaki, ta fito da wake tafi biyu: na tulunta sumul, na ragowar buhu duk huji. Ta jera su kan faifai.

"Ɗauki hoton su, ka sa tsakiya, ƙato. Sama ka rubuta abin da ka gano, layi guda. Wannan ko ni na iya karantawa."

Siddiƙ ya ɗauki hoton. Ya zaro biro ya shiga soke rubutu, har takardar ta fara numfashi. Ya kafe ta da ƙaya, ya ja baya taku goma, ya daɗe yana kallo.

"Akwai wurin godiya," ya ce. "Zan sa sunanki can ƙasa, a kusurwa."

"Inda ba mai gani?"

"Ke kika ce sunan da ba ya hana ƙwari cin wake ya sauko."

"Naka ne bai hanawa, ja'iri! Tokar murhun wa ka kwasa? Tulun wa ka ara?"

Siddiƙ ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaro goro fari ya damƙa mata.

"Na sallama, amarya. Zan ƙara wa sunan girma."

"Yadda zan hango shi daga taku goma," in ji Atu, ta laluɓo magogin goronta.