Tukunyar Kande da Yaƙin Iska

"Lafiya lau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Au, yau ma kin tashi?"

Tijjani ne ya amsa gaisuwar kakarsa daga ƙarƙashin motarsa Fijo, a ƙofar gidansu da ke Abakpa. Shekarar da fetur ya yi ɓatan dabo ce. Tun da wani ya gaya masa iska ce ke shanye wa mota mai, bawan Allah ya ɗaura yaƙi da iska: ya kwance ƙarfen ɗora kaya daga saman motar, ya ɗaure fallen kwano a ƙasan bamba, ya toshe duk wata kafa da kwali. Yau kuwa zai kai kakarsa Kande Zariya, inda ƙanwarsa Hassana ta yi haihuwar fari, man da ke tankin kuma da ƙyar zai kai su.

"Na tashi, mijin banza," in ji Kande. "Wannan mota ce ko akurki? Kai, tsaya! Ba rufin kajina ba ne wannan?"

"Kajinki sun ba da gudunmawa. Yanzu iska za ta riƙa zamewa ta wuce, ba ta tare mu."

"Ka rasa abokin faɗa sai iska? Kakanka da kura ya yi kokawa."

"Shi ya sa ya iya zama da ke."

"Ja'iri! Fito ka ɗora mini kayana."

Ya leƙo. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ya gani, baƙa ƙirin, wadda ko but ɗin motar ba zai haɗiye ta ba, ga damin itace a gefe.

"Wannan fa? Za ki dafa mutanen Zariya ne?"

"Ruwan wankan jego zan dafa."

"Ba tukwane a can? In na ɗora wannan a sama, iska za ta cika ta, mai ya ƙare mana a Jaji. Ke za ki tura?"

"Ni da na goya ka har bayana ya lanƙwashe? Saura mota?"

"Ki zaɓa: ko ke, ko tukunya. Ni da za ki bi shawarata, tukunyar ta tafi, ta fi ki kyan gani."

Kande ba ta yi dariya ba. Ta shafa bakin tukunyar.

"A cikinta na dafa ruwan da na gasa wa uwarku jiki da ta haife ka. Haka da ta haifi Hassana. Yau ba ta raye ta je wa 'yarta. Ni da tukunyar nan muka rage."

Tausayi ya kama Tijjani. Ya jawo sifana, ya kinkimo ƙarfen da ya kwance jiya yana alfahari, ya fara mayar da shi.

"Amma kifa ta zan yi," ya ce yana murza noti. "Gindinta sumul yake, iska ta zame."

"Kifa abarka. Ka ga har ta fi motar fasali."

"In kuma mai ya ƙare?"

Ta kwance bakin zanenta, ta ɓare goro, ta miƙa masa ɓari tana dariya.

"Ungo naka man, angona. Ni zan riƙe sitiyari, kai ka tura."