Goshin Mataimakin Darakta

A duk ma'aikatar babu mai lafiyar Mataimakin Darakta. Shi da bakinsa ya faɗa, wa kuwa ya isa ya musa? Ma'aikata na kiransa Ƙarfe a bayan ido, da ya ji sai ya ɗauka kirari ne. Ƙwayoyin da yake haɗiya in ya kulle ofis kuwa, kada wani ya ce na ciwon raunin tsokar da aka gano masa tun bara ne. Haba! Na ƙarin kuzari ne.

Ana haka Darakta ya yi ritaya, sai ga wani matashi mai santsin fuska shi ma yana neman kujerar. Ƙarfe ya duba madubin banɗaki, ya ga goshinsa layi-layi kamar gonar da aka yi wa huɗa. Hankalinsa ya tashi. Bai zame ko'ina ba sai asibitin gyaran fata, inda ake allurar da ke kwantar da tsokar goshi, fata ta miƙe.

Likitar ta tambaye shi ko yana da raunin tsoka, ko haɗiya da numfashi na ba shi wuya. In akwai, ta ce, allurar na iya kwantar da abin da ya wuce goshi.

"'Yata, dube ni da kyau," in ji Ƙarfe. "Irinmu ba ma ciwo, sai dai gajiyar shugabanci. Soka kawai!"

Ta soka.

Ranar ganawa da hukumar gudanarwa goshi ya yi sumul, sai sheƙi. Matarsa ta ce, "Maigida, idonka fa ya sauka." Ya ce natsuwa ce ta manya.

A ɗakin taro fatar idon dama ta rufo, ta hagu ta bi sahu. Ya ɗaga haɓa sama yana leƙen mutane ta ƙasan ido. "Ni ne ginshiƙin wannan ma'aika..." Muryar ta narke, ta fito ta hanci. Ya kurɓi ruwa don ya gyara, ya ƙware, numfashi ya sarƙe. Abokin takararsa ne ma ya riƙa bubbuga masa baya har motar asibiti ta iso.

Allah ya sa da sauran kwana, numfashi ya dawo. Shugaban hukumar ya zo dubiya, ya riƙe masa hannu cikin tausayi.

"Baba, mun gani da idonmu. Tsufa ba laifi ba ne. Mun ba yaron kujerar, kai kuma ka je ka huta."

Ran Ƙarfe ya ɓaci matuƙa. Ya yunƙura zai ɗaure fuska, goshin ya ƙi.