Rasuwar Lutie, Piyanon Lemuel Tibbs

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Ozella Tibbs ta layin bayan tashar jirgin ƙasa a garin Tallow Bend, jihar Arkansas, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba, rasuwar Lutie, tsohuwar piyanon gidanmu. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce a sabon gidan tarihin garin nan, a hannun masu cewa suna ƙaunarta. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, gyara ne.

Marigayiyar ta shigo gidanmu a bayan motar ɗaukar auduga, shekarar da yayana Lemuel ya dawo daga yaƙin duniya. Wata coci ce ta yar da ita, wai muryarta ta dushe. Lemuel ya zagaya ta, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Ozella, wannan lafiyarta ƙalau, kunya kawai aka koya mata." Ya sayo kwalin ƙananan ƙusoshin nan masu faɗin kai da ake manna takarda a bango da su, ya buɗe cikinta, ya bi 'yan gudumomin da ke dukan wayoyi ya kafa wa kowacce ɗaya a goshi. Tun daga ranar Lutie ta daina raɗa. Ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ana jin ta a kan ƙarar ganga, a kan ihun mashayan da ke cika gidanmu daren Asabar, har a madafa inda nake soya tarwaɗa.

Ta kasance mai haƙuri, kowa ya shaida. Lemuel da dunƙulen hannu yake kaɗa ta, da gwiwar hannu, in abin ya motsa har da dugadugan takalmi. Hannunsa na hagu yana tafiya gidi-gidi-gidi kamar jirgin kaya, na dama yana tsalle a sama. An zuba mata giya, an kashe taba a kafaɗarta, ba ta taɓa ƙin amsawa ba. Mutanen da suka yi mako guda a duƙe cikin gonar auduga ita ce take miƙar musu da baya ranar Asabar. A lokacin kiɗan ba shi da suna, sai wanda fastoci suka raɗa masa, kiɗan Shaiɗan. Daga baya ne rediyo ta ce sunansa rock and roll.

Ta rasu ta bar ni, da kujerarta mai gurguwar ƙafa, da 'ya'ya da jikoki bila adadin, akasarinsu butulai waɗanda ba su san uwarsu ba. Duk wani mai matsattsen wando da kuka ga yana dukan jita a talabijin yana karkaɗa ƙugu, jininta ne. Babban ɗanta, kuma shugaban butulan, shi ne Hoyt Culpepper, Baturen da yake kawo mana lemon kwalba a mota. Ya sauke akwatuna ya ƙi tafiya, ya yi ta susar ƙeya. "Lemuel, don Allah nuna mini yadda kake yi da hagun nan." Yayana kuwa ba shi da rowa, ya matsa masa gefen kujera. Hoyt ya kwashe komai ya tafi birnin Memphis, ya shafa mai a gashi, ya yi faifai, duniya ta ce shi ya ƙirƙiro abin. In 'yan jarida suka tambaye shi inda ya samo salon, sai ya lumshe ido ya ce daga ƙarar ruwan sama a rufin gidan uwarsa. Ruwan sama!

Lemuel ya mutu yana leburanci a injin yankan katako. Babu faifai ko ɗaya mai ɗauke da kiɗansa. Abin da ya rage na hannunsa a duniya yana cikin Lutie, kuma duk ranar da kewarsa ta ishe ni nakan sa yatsu biyu in danna, sai in ji ya amsa.

Ciwon ajalinta ya fara ne da manyan gari suka lura baƙi suna zuwa daga nesa neman inda Hoyt ya taso. Nan take kiɗan Shaiɗan ya zama abin alfaharinmu. Madam Darlene Prewitt, shugabar kwamitin gidan tarihi, wadda ba ta taɓa tsallako titin jirgi zuwa layinmu na baƙaƙen fata ba, ta zo har falona da farantin kek.

"Inna Ozella, aronta kawai za ki ba mu," in ji ta. "Sunan Lemuel zai hau bango da manyan baƙaƙe, na yi miki alkawari."

Don wannan sunan na yarda. Su kuma suka damƙa ta a hannun Purvis Gaines, dattijon cocin da ke saita musu piyano, wai ya gyara ta ta dace da idon baƙi. Purvis ɗin nan ne yake tsayawa a ƙofarmu a da yana yi mana albishir da wuta. Yanzu ga shi da rigar kwamiti mai hoton Hoyt a ƙirji.

Ranar Talata na je dubiya. Na same ta tana ƙyalli kamar akwatin gawar mai kuɗi. An goge tabon taba, an cike gurbin takalmin Lemuel an shafe da fenti. Na danna. Ta ce "tim", a hankali, da ladabi.

"Purvis, me ka yi mata?"

"'Yar'uwa Ozella, ai godiya ya kamata ki yi mini. Wani sakarai ne ya cika mata ciki da ƙusa. Na cire tsofaffin gudumomin tas, na sa sababbi."

"Sakaran yayana ne, kuma ka sani, munafuki. Ina ka kai su?"

"Motar shara ta tafi da su tuni."

Madam Darlene ta dafa kafaɗata. "Haba Inna, ai yanzu ta fi daɗin ji. Mista Hoyt da kansa zai kaɗa ta ranar buɗewa."

Na ce ta ɗauke hannunta, ta nuna mini bangon. Allon tagulla ne, an rubuta: piyanon da Hoyt Culpepper ya fara kaɗawa. A ƙasa, da baƙaƙen da sai da na sa tabarau na iya karantawa, an rubuta: kyautar iyalin Tibbs.

"Ina Lemuel?"

"Wurin ne bai isa ba, Inna."

Jikana Cletus, Allah ya yi masa albarka, ya ce a sayo wasu ƙusoshin a kafa. Na ce masa a'a. Waɗancan gudumomin hannun Lemuel ne ya cinye su shekara da shekaru, kowacce ta lanƙwasa yadda yake dukanta. Ba na son baƙuwa ta riƙa kwaikwayon muryarsa a falona, kwaikwayon da aka yi masa a duniya ya isa haka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, daidai lokacin da za a yanke ƙyallen buɗe gidan tarihi. Aro na bayar, kuma na riga na karɓo abata, Mista Hoyt sai ya kaɗa iska. Gawa za ta tashi daga gidana a bayan motar Cletus, ta bi ta babban titi a hankali, ta gaban gidan tarihin. Ba a karɓar furanni daga kwamiti. Farantin Madam Darlene yana kan dakalina, ta aiko a ɗauka. Purvis Gaines in ya zo kada ya kuskura ya buɗe baki da sunan addu'a. Sauran jama'a akwai tarwaɗa da burodin masara bayan an dawo.

Za a binne ta a maƙabartar cocin Dutsen Nebo. Fasto ya ce ba a binne katako a can, na ce masa ramin nawa ne. Shi ne wanda ke gefen Lemuel, na daɗe da tanadinsa don in kwanta kusa da yayana, yanzu na bar mata. Dutsen da na ajiye wa kaina shi ma an sassaƙa shi, sunan Lemuel Tibbs ne a kai da abin da ya yi, da baƙaƙen da mai wucewa a mota zai iya karantawa. Ni kuwa in tawa ta zo, a sa ni duk inda aka samu wuri.